Tukwicin Ɗan Agaji

A bakin titin Zariya, daura da unguwar Gyadi-Gyadi, cikin ƙaramar hukumar Tarauni, akwai babban asibitin nan da mutanen Kano ke kira Asibitin Malam. An kafa shi a 1988, aka sa masa sunan Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983. Da fari a Asibitin Murtala ya raɓa, sai a 1996 ya tare a mazauninsa na yanzu. Nan ɗaliban Jami'ar Bayero masu neman zama likitoci ke koyon aiki, kuma tun 2002 ake dashen ƙoda a cikinsa. Marasa lafiya na zuwa daga Jigawa da Katsina, har daga Jamhuriyar Nijar.

Masu hidima a babban asibiti kashi biyu ne. Akwai waɗanda sunansu ke cikin littafin albashi, watau likita da nas da ungozoma da mai ba da magani da mai shara. Akwai kuma waɗanda ba su jiran kome a ƙarshen wata. A ce wani tsoho ya sauka daga mota da takardar da aka rubuto masa daga asibitin garinsu. Bai iya karatu ba, ga gine-gine birjik, kowane da ƙofofi, kowace ƙofa da rubutu a kanta. Yana tsaye yana waige-waige, sai wani saurayi ya gaishe shi, ya ce, "Baba, kawo takardar in gani." Ya karanta, ya kai shi inda ake yankar kati, ya nuna masa layin da zai bi, ya juya ya tafi. Irin wannan saurayi, da matan da ke kai abinci ga majinyatan da ba su da kowa a gari, da 'yan agaji masu kaki na ƙungiyoyin addini da na Red Cross, da masu miƙa hannu a ɗebi jininsu kyauta, su ne kashi na biyu.

To, a nan wata tambaya ta taso, wadda masu hankali suka daɗe suna juyawa. Waɗannan mutane sun ce don Allah suke yi. Wanda ya yi abu don Allah, ya kamata a yabe shi, ko kuwa a ƙyale shi da Wanda ya yi dominsa?

Masu cewa a ƙyale shi ba su rasa hujja ba. Malamai sun tsoratar da mutane game da riya, watau yin aikin kirki don idon jama'a. Yabo kuwa kamar zuma yake, wanda ya lasa yakan so ƙari. Yau a kira sunan ɗan agaji a taro a tafa masa, gobe ya zo aiki yana duban ko akwai mai kallo. Saboda haka, in ji su, mai yabon ɗan agaji yana iya zama mai ɓata masa lada bai sani ba.

Wannan magana tana da nauyi, amma ta haɗa wajibi biyu ta mai da su ɗaya. Al'adar tukwici ta isa ta raba su. In attajiri ya aiki yaro da kyauta, wanda aka kai wa yakan ɗan ba yaron wani abu. Yaron ba shi da ikon ya tsaya a zaure ya ce sai an ba shi kaza, domin ba ciniki ya zo yi ba. In ya roƙa ya zubar da girman wanda ya aiko shi. Amma mai gidan da ya karɓi kyauta ya sallami yaro hannu rabbana, ko sannu babu, shi ma gari ya san sunan da zai kira shi da shi. Kame baki wajibin yaro ne, buɗe hannu wajibin mai gida. Haka yake tsakanin ɗan agaji da jama'a. Tsare niyya aikinsa ne, ba mai iya yi masa. Godiya kuwa bashi ce a wuyan waɗanda suka amfana, kuma tsoron kada ya yi riya ba ya sauke musu wannan bashi. Ai da ma Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. Sau da yawa mai cewa yana tsare wa ɗan agaji lada, in an bincika, rowar baki ce kawai ke damunsa.

Mutanen da ba su ɗauki ambaton mai alheri laifi ba. A Madina, zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai wata mata, Rufaida Ba'aslamiya, wadda ta kafa tanti a masallaci tana jinyar masu rauni, ba da lada ba. Da kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu a yaƙin Gwalalo, cikin shekara ta 5 bayan Hijira, tantinta aka kai shi. Da masu rubuta tarihi sun ga ambatonta ɓarna ne, da ba wanda ya san ta yau. Ga shi kuwa har yanzu ana sa wa makarantun jinya sunanta, 'yan mata na jin labarinta suna sha'awar aikin.

Labarin wanda ya kafa Red Cross kuma ya nuna yadda mantuwa take. Sunansa Henry Dunant, ɗan kasuwa ne daga Suwizalan. A watan Yuni na 1859 tafiya ta kai shi kusa da Solferino a ƙasar Italiya, ya tarar an gwabza yaƙi, dubban sojoji na kwance cikin rauni ba mai ba su ko ruwa. Ya tattara matan wani gari da ke kusa, suka yi ta jinya, ba su tambayi wane ɓangare mai rauni yake ba. Daga wannan ne aka kafa ƙungiyar a 1863. Ba a daɗe ba jarinsa ya karye, bashi ya yi masa katutu, ya bar garinsu. Ƙungiya ta yi ta bunƙasa ƙasa ƙasa, shi kuwa ya tsufa a wani ɗan ɗaki a gidan jinya na ƙauyen Heiden, har wasu suka zaci ya mutu. Sai a 1895 wani ɗan jarida ya gano shi ya ba duniya labari. A 1901 aka ba shi lambar Nobel ta zaman lafiya, shi da wani Bafaranshe. Bai ci kuɗin ba har ya rasu a 1910. Shi dai mantuwa ba ta rage masa kome daga abin da ya aikata ba. Waɗanda suka mance da shi shekara da shekaru, su ne abin ya zame wa abin kunya. A Nijeriya, dokar majalisa ta 1960 ce ta tabbatar da wannan ƙungiya.

Akwai wata tambaya kuma, ƙanwar ta farko. In ɗan agaji ya sami amfani daga agajinsa, aikinsa ya gurɓata ke nan? Amfanin kuwa yana nan, ba a ɓoye yake ba. Wanda ya shiga ƙungiyar agaji yakan koyi tsai da jini, da ɗaure karaya kafin a kai ga likita, da yadda ake ɗaukar wanda mota ta buge ba tare da an ƙara masa ciwo ba. Yakan san kan asibiti, ran da ciwo ya shigo gidansu ba ya ruɗewa. Wani daga nan yake gane cewa jinya ce sana'ar da ta dace da shi, ya nemi makarantarta.

Manomi da ya je gayya yakan sha fura a gonar maƙwabcinsa, ya kuma san ran da tasa gonar ta yi ciyawa za a zo masa. Ba a taɓa jin an kira shi mayaudari saboda haka ba. Ma'aunin a wani wuri yake. A duba wa yake taimako. In tsoho mai tsumma da alhaji mai babbar riga suka tsaya a ƙofa ɗaya, dukansu a ruɗe, ɗan agaji na gaskiya yakan fara da wanda ya fi galabaita. Wanda kullum ƙafarsa ke kai shi wajen babbar riga, yana raka shi har mota yana sosa ƙeya, wannan ɗan kamasho ne, ko da kaki ne a jikinsa. Irinsa ɗaya ya isa ya sa a riƙa zargin goma na kirki.

Wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci yana da kayan agaji a hannunsa, ko da bai taɓa sa kaki ba. Tun daga yaƙi da jahilci na shekarun 1950, har zuwa hukumar ilmin manya da Jihar Kano ta kafa a 1980, magidanta da matan aure da yawa sun koyi karatu bayan sun girma. Su suka fi kowa sanin zafin riƙe takarda ba ka san abin da ke cikinta ba. A asibiti kuwa kome a rubuce yake: lambar kati, da sunan ɗaki, da ranar da za a komo, da ko ƙwaya ɗaya ce sau uku ko uku ce sau ɗaya. Kuskure a wannan na ƙarshe yana iya kisa. Mai karanta wa maƙwabcinsa a layi abin da ke jikin ledar magani ya yi agaji sosai. Sai dai akwai sharaɗi. Abin da ya gani a takardar wani amana ne, ba labarin majalisa ba ne. Kuma ya tsaya ga karanta abin da likita ya rubuta, kada ya ƙara nasa.

Yanzu sai abin da ya fi wuya a faɗa. Akwai godiyar da ke zama zalunci. A wurare da yawa a ƙasar nan, akan sami wanda ya gama makarantar aikin lafiya, da takardar shaidarsa, ya rasa aiki, sai ya shiga wani ɗakin shan magani da sunan sa-kai. Yana zuwa da safe kamar kowa, yana kwanan aiki kamar kowa, shekara ta zagayo, wata ta biyo, ba albashi, sai "Allah ya saka da alheri" da alkawarin in an tashi ɗauka za a tuna da shi. Wannan ba ɗan agaji ba ne, ma'aikaci ne da ba a biya ba. Ɗan agaji na da ikon ya ce gobe ba zai zo ba, tukunyar gidansa ba ta sauka. Wanda tsoron rasa layi ya ɗaure, ba a ce ya ba da kyauta ba. Tukwici na da wurinsa, amma ba a biyan ɗan ƙodago da shi, kuma hukumar da ta saba samun aiki a banza ba ta saurin buɗe littafin albashi.

Akwai kuma mai jinya, uwa ko 'ya ko ƙanwa, wadda ke shimfiɗa tabarma a baranda mako da makonni, tana wanki, tana juya mara lafiya, tana safa da marwa tsakanin ɗakin gwaji da wurin biyan kuɗi. Ba ta cikin ma'aikata, ba ta cikin 'yan agaji, don haka ba ranar da aka keɓe mata. In mara lafiya ya warke, likita ake yi wa godiya.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 5 ga Disamba, tun 1985, don tunawa da masu aikin sa-kai. Taro da jawabi ba laifi ba ne, amma godiyar da ta fi amfani ba ta bukatar lasifika. Wanda ke ɗaukar masu rauni a ba shi safar hannu da takunkumi, a yi masa rigakafin ciwon hanta, domin cuta ba ta tambayar ko mutum na karɓar albashi. A koya masa aikin kafin a sa shi. A ba shi wurin zama, kada mai gadi ya kore shi kamar almajiri. In ya shekara yana hidima, a rubuta masa takardar shaida da zai iya nunawa inda zai nemi makaranta ko aiki.

Maganar jini ita ta fi fito da al'amarin fili. Har yau ba a sami masana'antar da ke ƙera jinin mutum ba, daga jikin wani ake ɗiba a ƙara wa wani. Mace ta haihu jini ya ɓalle mata, ko yaro mai amosanin jini, ko wanda mota ta kife da shi a hanyar Zariya, duk shi suke jira. Abin da ake ɗiba a zama ɗaya kamar mililita 450 ne, watau bai cika ledar ruwan sha guda ba, kuma namiji lafiyayye na iya bayarwa duk bayan wata uku. Jinin da aka ɗiba ba ya wuce mako biyar ko shida a firji, saboda haka ɗakin ajiyar jini kullum yana bukatar masu komowa.

Masu ba da jini iri uku ne: dangin mara lafiya, da masu sayarwa, da masu bayarwa kyauta ga wanda ba su sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jinin na ukun ya fi aminci. Dalili a fili yake. Mai sayarwa na da abin da zai sa ya ɓoye ciwonsa, mai kyauta ba shi da shi. To, mutumin da ya bar kasuwarsa ya zo aka ɗebi jininsa, aka sallame shi ba sannu ba madalla, da wuya ya komo bayan wata ukun. Don haka ne tun 2004 ake keɓe 14 ga Yuni don gode wa irinsu.

Ledar jini lamba ake rubutawa a jikinta, da rukunin jinin, da ranar da zai lalace. Matar da aka ƙara wa takan koma gida da jaririnta, ran suna a yanka rago, a yi addu'a ga likita da ungozoma, ba ta san ko mai jinin ɗan Tarauni ne ko baƙo ne daga Sabon Gari ba. Shi ma bai san inda jininsa ya tafi ba. Tsakaninsu ba wanda ya san sunan sai ma'aikacin da ke riƙe da littafin ɗakin jini, shi ne kuma ke tsaye a gefen gadon sa'ad da ake zare allura.