Mashigin da Ɓauna Ta Ƙi

A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, da yaƙin Hitila ya yi zafi, Turawa suka nemi samari a wurin sarakuna. Sarki ya aika wa hakimai, hakimai suka aika wa dagatai, dagatai suka shiga ƙauyuka. Cikin waɗanda aka tara a yammacin Katsina akwai samari biyu da ba sa ga-maciji da juna. Ɗaya ɗan manomi ne daga Ruma ta ƙasar Batsari, ɗaya kuwa ɗan makiyayi ne daga wata ruga kusa da Runka ta ƙasar Safana, a bakin Dajin Rugu. Da yake a soja akan laƙaba wa kurtu sunan garinsu, sai aka riƙa ce musu Ɗan Ruma da Ɗan Runka.

Asalin gabar kuwa, wata kaka ce shanun uban Ɗan Runka za su gulbi, suka faɗa gonar geron uban Ɗan Ruma, saura kwanaki a yi girbi. Aka je gaban alƙali, aka yanke diyya. Manomi ya ce kuɗin ko rabin ɓarnar bai kai ba, makiyayi ya ce an ci shi tara a kan hanyar kakanninsa. Kowa ya koma gida da abinsa a ciki, 'ya'ya kuma suka gada.

Aka kai su Zariya aka horar da su. Ɗan Ruma ƙaƙƙarfa ne mai kaifin ido, aka ba shi bindiga, ya shiga bataliya ta 4 ta sojan Nijeriya, bai daɗe ba ya sami igiya biyu, ya zama kofur. Ɗan Runka siriri ne, aka ba shi adda, ya naɗa gammo, aka sa shi cikin 'yan dako masu ɗaukar harsashi da abinci a ka. A 1943 jirgin ruwa ya kwashe su daga Ikko, ya zagaya ta kudancin Afirka, ya sauke su a Bombai ta ƙasar Indiya, suna cikin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma. Daga nan sai Bama.

Inda aka tura su kwarin kogin Kaladan ne a yankin Arakan, ƙasar duwatsu da gora da rafuka, babu hanyar mota. Da adda da diga da shebur suka sare hanya ta kimanin mil 75, wadda ƙaramar jif kaɗai ke iya bi. Abinci jirage ke jefo musu da lema, abin da ya sauka kuma sai kan 'yan dako. Duk da haka masu bindiga ba su ɗauke su a bakin komai ba. In an yi zango, Kofur yakan ƙwala kira, ya ce Agwai, wato Ɗan Runka, ya je ya ɗebo ruwa, tunda su makiyaya sun san hanyar gulbi ko da ta cikin gonar mutane ce. Yaron ya ɗauki garwa ya wuce, ba ya tankawa.

A watan Maris na 1944 Japanawa suka zagayo, suka ƙwace Dutsen Fagoda kusa da Kyauktaw, rundunar ta ja da baya tana ɗauke da majinyata. A shekarar nan ne Sarki Dikko ya rasu, ɗansa Usman Nagogo ya hau, har ya ƙetaro ya gai da sojojin Nijeriya a Bama. Da damina ta ɗauke, aka ce a sake gangarawa Kaladan.

Ran nan da la'asar sakaliya kamfanin su Kofur ya iso kusa da wani rafi. A tsallake akwai dutse, umarni kuwa shi ne a haye da asuba a kama shi. Laftanansu Bature ne saurayi, ya iya Hausar bariki. Ya shimfiɗa taswira, ya nuna mashigi mai farin yashi, ruwa iya gwiwa. 'Yan sintiri sun duba tsallake da madubin hangen nesa, ba su ga ko motsin ganye ba. Aka ce sashen Kofur ne zai tsare baya, sai kowa ya haye sannan su biyo.

Ɗan Runka ya tafi ɗibar ruwa, ya daɗe bai dawo ba. Da ya dawo ya ajiye garwa, ya tsuguna ɗan nesa da Kofur, ya yi sallama, ya ce mashigin nan akwai mutum a kansa. Kofur ya tambaye shi wa ya gani. Ya ce bai ga kowa ba, sawu ya gani. Mutanen ƙasar suna da ɓaunar gida da suke noma da ita, da yaƙi ya kore su dabbobin suka rage suna yawo. Sawunsu a bakin mashigi ya bushe ya tsattsage, kashinsu ya yi fari fat. Ya ce ya ga inda wata babba ta zo har bakin ruwa ta zabura ta juya, kofatonta ya kafci laka. Sabon sawu kuwa, ɗanye sharaf, ya ratse ta cikin gora ya gangara ƙasa, inda gaɓa ke da santsi, ruwa kuma iya ƙirji. Ya ce shi dai tun yana riƙe da sandar kara yake bin shanu, bai taɓa ganin dabba ta bar hanyarta mai sauƙi ta ɗauki mai wuya ba sai an tare ta.

Kofur ya yi dariya, ya ce ashe yanzu kashin shanu ne zai ba sojan Sarkin Ingila oda. Yaron ya ce shi dai ya faɗa, ya tashi ya koma wurin kayansa.

Dare ya yi, barci ya ƙi zuwa. Kofur ya kwanta a raminsa yana juya maganar. In ya yi shiru, ba mai tuhumarsa, shi da mutanensa suna baya, in an buɗe wuta ba ƙirjinsu za ta fara samu ba. In kuwa ya je ya ce shi ya gano, abin ya tabbata, igiya ta uku ta zo, ba tare da ya ɗaukaka ɗan abokin shari'ar ubansa ba. Amma abin da ya tsaya masa a wuya kalma ɗaya ce, wai sai an tare ta. Ya tuna bazarar da ta gabaci ɓarnar nan. Shi da kansa ya riƙe garma, ubansa na tsaye, suka ci kunya uku daga cikin burtali suka haɗa da gona, maƙwabcinsu na ɗaya gefen shi ma ya ci nasa, har hanyar ta koma sai saniya ɗaya ɗaya. A gaban alƙali ba wanda ya ɗaga wannan zance. Ya ga in ya yarda da sawun ɓauna a Bama, to ya yarda da sawun shanu a Ruma ke nan, ya kuma kayar da ubansa a shari'ar da aka daɗe da rufewa. Ya yi ta kokawa da ransa har dare ya raba. Can sai ya miƙe, ya ɗaura ɗamara, ya tada Samanja, suka nufi inda Laftana ya yi shimfiɗa.

Ya ƙame, ya sara, ya faɗi magana yadda aka faɗa masa, bai rage ba bai ƙara ba. Laftana ya tambayi wa ya gani. Kofur ya ce ɗan dako ne. Bature ya ce ba zai sauya oda a kan maganar ɗan dako ba. Samanja ya yi gyaran murya, ya ce, ranka ya daɗe, ruwa ba ya tsami banza. Kofur ya ce in ƙarya ce a kwance masa igiyoyinsa gobe a gaban kowa, kuma yana roƙo a ɗauke sashensa daga baya a sa shi gaba. Laftana ya dube shi, ya ce ko yaron ɗan'uwansa ne. Ya ce a'a, shari'a ce ma tsakanin iyayensu, shi ya sa ya fi kowa sanin yaron ya san shanu.

Kafin assalatu suka bi sawun ta cikin gora. Ɗan Runka ya ɗaura igiya a ƙugu, ya sari sanda, ya shiga ruwa yana dogarawa yana lalube, yadda yake yi in zai haye da garke a gulbi cikin marka. Ya kai tsallake ya ɗaure igiyar a gindin itace, ya girgiza ta sau biyu. Kofur ya fara shiga, bindiga a ka, hannu ɗaya a igiya, sauran suka biyo ɗaya bayan ɗaya, ba tari ba magana. Suka hau dutsen ta bayansa da rarrafe, gora na yanka musu tafin hannu.

Gari na wayewa suka faɗa wa ramukan Japanawa, waɗanda aka rufe da gumagumai da ƙasa, aka dasa ciyawa a kai. Aka yi ta da gurneti da banati, kafin hantsi dutsen ya zama nasu. An rasa mutane, Kofur ma harsashi ya same shi a cinya. Da ƙura ta lafa, Laftana ya shiga babban ramin, ya leƙa ta kafar da bakin mashinga ke ciki, sai ga farin mashigin nan a shimfiɗe a gabansa kamar faifai. Ya fito ya ce a kira masa ɗan dakon nan, ya ba shi hannu a gaban kamfani duka.

A Janairun 1945 rundunarsu ta haɗu da ta 82 suka ci Myohaung, garin da har yau wani barikin soja a Legas ke ɗauke da sunansa. A 1946 aka dawo da su gida. Da bazara ta yi, Ɗan Ruma ya ɗingisa zuwa gona, ya cire shingen da ke gefen burtali, ya ja shi baya da kunya uku. Tsohonsa ya zo yana faɗa, ya ce ko Turawa sun taɓa masa kai ne. Ya durƙusa ya ce, Baba, a yi haƙuri, ya ga abin da ke kwance a bakin hanyar da aka tare. Da kaka garken Runka ya zo ya kwana a gonar bayan an kwashe amfani, ya ci kara ya bar taki. Ranar kasuwar Batsari akan gan su a rumfa ɗaya suna shan fura, wannan na cewa Agwai, wancan na cewa Kaɗo, suna dariya.

To, jama'a, Ruma tana nan, Runka tana nan, kun kuma fi kowa sanin halin da ake ciki yau a bakin Dajin Rugu. Jikokin irin mutanen nan biyu kuna tare da su, wataƙila ma ku ne. Kowannenku ya san kunya nawa gidansu ya ci, ya kuma san maganar wa ya ƙi ji saboda bakin da ta fito. Allah Ya ba mu masu iya miƙewa da tsakar dare, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.