Girman Kai Rawanin Tsiya

A ofisoshi da kasuwannin Bauchi akwai wata cuta da ke tsayar da mutum wuri guda shekara da shekaru, kuma mai ita ba ya jin ciwonta. Cutar ita ce mutum ya ga ya wuce a koya masa. Da zarar an ba shi kujera, ko ya yaye yara biyu a garejinsa, sai "ban sani ba" ta yi masa nauyi a baki. Wannan girman kai ne, ko da mai shi yana gaisuwa har ƙasa, domin ranar da sabon abu ya shigo sana'arsa ake gane shi: zai tambaya, ko zai kushe abin don kada a ga gazawarsa.

Tarihin garin nan ya isa hujja. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama Kwalejin Katsina a 1933, ya dawo ya kama koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi. A wancan zamani malamin Midil babban mutum ne, da ya tsaya nan babu mai zarginsa. Amma a 1945, yana da shekara sama da talatin, ya koma bencin ɗalibai a sashen horar da malamai na Jami'ar Landan. Bayan dawowarsa ya shiga Majalisar Arewa a 1946, a 1957 kuma ya zama Firayim Minista. Tun kafin wannan tafiya, a farkon shekarun 1940, shi da Sa'adu Zungur da Aminu Kano suna cikin zauren tattaunawa na Bauchi, inda malamai da ma'aikatan En'e suke muhawara kan mulki da ilimi. Wanda ya yarda ya zauna a irin wannan zaure ya yarda ke nan a ce masa bai yi daidai ba a bainar jama'a. A nan aka wasa harsunan da daga baya suka motsa Arewa.

Yau buƙatar ta fi ta da tsanani, saboda sana'o'i suna sauya kama a hannun masu yinsu. Bakaniken da ya ƙware a kafireta yanzu ana kawo masa motar da sai an jona mata kwamfuta kafin a san ciwonta. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, don haka malamin sakandaren da ke gudun na'ura yana shirya ɗalibansa ne a makance. A farkon 2023, da takardun naira suka yi ƙaranci bayan sauya fasalinsu, ɗan kasuwar Wunti ko Muda Lawal da ya ƙi koyon karɓar kuɗi ta waya ya ga ciniki yana wucewa rumfar maƙwabcinsa. A dukan waɗannan wurare mai ilimin yana kusa, sau da yawa yaron shago ne ko ƙaramin ma'aikaci. Cutar ba ta dattawa kaɗai ba ce. Matashin da ya fito Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da digirin injiniya, ya raina tsohon mai walda don ba shi da takarda, shi ma ya rufe wa kansa ƙofar abin da aji bai koya masa ba.

Za a ce a ƙasar nan hanya ke ɗaga mutum, wanda ya san wani ya fi wanda ya san aiki. Akwai gaskiya a ciki, amma iyakarta gajeriya ce. Ubangida na iya samar wa yaronsa kujera, ba zai zauna ya rubuta masa rahoto kullum ba, kuma gwamnati takan sauya. A kasuwa ma hujjar ba ta da ƙafa, domin mai mota ba ya mayar da ita wurin wanda ya lalata ta don kawai ɗan gidan wane ne. Wasu kuma za su ce idan shugaba ya tambayi na ƙasa da shi raini zai shiga. To ai na ƙasa sun riga sun san abin da shugabansu bai iya ba, su ne ke gyara kurakuransa a ɓoye. Ɓoyewar ce ke jawo dariya a bayan ido. Maigidan da ya ce "zo ka nuna mini" yakan sami abu biyu, ilimin da kuma zuciyar yaron da aka girmama.

Saura batun kunya, wadda tarbiyyarmu ta ɗaukaka. Kunya tana hana mutum aikata abin ƙi, kuma neman sani ba ya cikin abin ƙi. Tun a zauren karatun allo da na littattafai mun saba ganin mai furfura ya durƙusa gaban malamin da ya haifa, shi ya sa aka ce gemu ba ya hana ilimi. Abin da aka yarda da shi a karatun addini babu dalilin ƙinsa a ofis ko gareji. Duk ma'aikacin da ya shekara bai tambayi kowa komai ba, ya binciki kansa: aikin bai tsaya ba, shi ne ya tsaya.