Cin Abinci A Bakin Tekun Da Ya Ci Mutane

 

Ranar Lahadi 26 ga watan Disamba na shekarar 2004, wadda ta faɗo cikin watan Zulƙida na 1425, wajen ƙarfe 8 na safe, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin teku, yamma da tsibirin Sumatra na ƙasar Indunusiya. Masana sun auna ƙarfin girgizar ya kai 9.1. Abin da ya faru shi ne, ƙasan teku ya tsage ya ɗago a tsawon da ya wuce kilomita 1,000, sai ya tunkuɗa duk ruwan da ke bisansa. A wurare da yawa ruwa ya fara ja da baya ne tukuna, ya bar kifi yana tsalle a kan rairayi, mutane suka ruga tsinta. Sa'an nan ya dawo. Wannan ita ce ambaliyar da Japanawa suke kira tsunami, kuma kafin rana ta faɗi ta hallaka mutum wajen 230,000 a ƙasashe 14. Fiye da 160,000 daga cikinsu mutanen lardin Aceh ne, lardin da mutanen Indunusiya suke yi wa laƙabi da zauren Makka saboda daɗewarsa cikin Musulunci.

A kudu maso yammacin birnin Banda Aceh akwai wani gari a bakin teku ana ce da shi Lampuuk, mai farin rairayi, wanda tun kafin wannan rana mutanen birni sukan je shan iska a cikinsa. A wannan yanki igiyar ruwa ta kai tsayin mita 30 a wasu wurare. Ta share garin ƙarƙaf, ta tafi da mafi yawan mutanensa, ba abin da ya tsaya sai masallacin Rahmatullah, shi kaɗai a tsakiyar fili kamar an ajiye shi a kan faranti. Mutanen gari sun ce kariyar Allah ce. Injiniyoyi sun ce gini ne mai ƙarfi, mai ƙofofi a buɗe, ruwa ya sami hanyar wucewa. Duk wanda ya karanta tauhidi ya san ba saɓani tsakanin maganganun nan biyu, domin Allah Yana tsare abin da Ya so da sababin da Ya so.

Daga baya ƙungiyar agaji ta Turkiyya ta gina wa waɗanda suka saura gidaje, gari ya sake tashi. Aka kafa rumfuna a bakin ruwa ana gasa kifi, ana sayar da ruwan kwakwa, baƙi suna zuwa daga birni da ma ƙasashen waje. A cikin Banda Aceh kuwa ana kai masu yawon buɗe ido su ga jirgin ruwan nan mai injin lantarki, mai nauyin tan 2,600, wanda ruwa ya ɗauko ya ajiye cikin unguwa, fiye da kilomita 2 daga gaɓa. Ana kai su unguwar Lampulo su ga kwalekwalen masunta da ya sauka a kan rufin gida, wanda mutum 59 suka tsira a cikinsa. A shekarar 2009 aka buɗe gidan tarihi na tsunami.

To, a nan ne tambaya ta taso, kuma ba ta wasa ba ce. Mutum ya rasa uwa da mata da 'ya'ya a kan rairayin nan, har yau bai san inda gawarsu take ba, watakila suna cikin kabarin bai-ɗaya na Siron inda aka binne mutum sama da 46,000 ba suna. Shin ya kyautu ya kafa rumfa a daidai wurin, yana yi wa baƙo murmushi, yana karɓar kuɗi? Shi kuma baƙon, ya kyautu ya biya kuɗin jirgi don ya je kallon inda mutane suka mutu?

Masu ganin rashin dacewar haka suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna kawo abin da ya faru a tafiyar Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira, lokacin da rundunar Musulmi ta biyo ta Hijri, mazaunin Samudawa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana sahabbai shiga gidajen mutanen sai dai in suna kuka, ya rufe kansa, ya gaggauta tafiya har ya wuce kwarin. Ruwan da aka ɗebo daga rijiyoyinsu ya sa aka zubar, garin da aka kwaɓa da shi aka ba raƙuma. Suka ce, in haka aka yi da wurin da masifa ta sauka, ina kuma a mai da shi kasuwa?

Amma ƙiyasi yana da sharaɗi, watau illar da ta jawo hukunci a can ta tabbata a nan. Samudawa mutane ne da wahayi ya faɗi laifinsu, ya faɗi sunan annabin da suka ƙaryata, ya faɗi cewa azaba ce ta hallaka su. Wane wahayi ne ya sauka a kan mutanen Lampuuk? Abin da ya tabbata a cikin ingantaccen hadisi shi ne wanda ruwa ya ci yana cikin waɗanda aka lissafta shahidai, tare da wanda gini ya faɗa wa da wanda annoba ta kashe. Ashe ke nan gaɓar Aceh ta fi kama da Uhudu a kan ta yi kama da Hijri. Uhudu kuwa Annabi ya riƙa ziyartarta yana yi wa shahidanta addu'a, mutanen Madina suka ci gaba da harkokinsu a gefenta, kuma duk alhajin da ya je ziyara ya ga masu sayar da dabino a gindin dutsen, ba malamin da ya ce su tashi.

Ya kamata a tsaya kaɗan a kan wannan, domin a kwanakin da abin ya faru an ji masu wa'azi a ƙasashe daban-daban suna cewa fushin Allah ne a kan tsiraici da giya na wuraren shaƙatawa irin su Phuket a ƙasar Tailan. Maganar tana da daɗin faɗi a kan mumbari, amma lissafi bai goyi bayanta ba. Waɗanda aka tabbatar da mutuwarsu a Tailan duka ba su kai 6,000 ba, kuma cikinsu akwai masunta da 'yan ƙwadago da yara ƙanana. Aceh, inda ake kiran salla a kowace unguwa, ta rasa ninkin wannan fiye da sau 25. Wanda ya ce ya san dalilin da Allah Ya ɗauki ran wane ya bar wane, to ya shiga gonar da ba tasa ba. Tsoratar da rayayyu da ayoyin Allah aikin malami ne. Yanke wa matattu hukunci ba a ba kowa ba.

Sai batun mai rumfa. Shari'a ta yi wa makoki iyaka: kwana 3 ga kowa, sai matar da mijinta ya rasu, ita ce mai takaba wata 4 da kwana 10. Ba ta ce zuciya ta daina ciwo ba, wannan ba a hannun mutum yake ba. Hannu ta ce ya koma aiki. Lokacin da Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi ya yi shahada a Mu'uta, shekara ta 8, Annabi ya sa aka dafa wa iyalinsa abinci, ya bar su kwana 3. Sa'an nan ya je gidan, ya hana ci gaba da kuka, ya kira wanzami ya yi wa marayun aski, ya kama hannun Abdullahi ɗan Ja'afaru ya roƙa masa albarka a cikin cinikinsa. Mai karatu ya lura: yaro ne ƙarami, ubansa bai daɗe da mutuwa ba, amma addu'ar da aka yi masa ta kasuwa ce. Mutumin Lampuuk da ya gaji teku daga kakanninsa, ba shi da wata gona sai ita. In an ce kada ya gasa kifi a bakinta don girmama matattu, an umurce shi ke nan ya zauna yana jiran buhun shinkafar agaji har ya mutu. Agaji kuwa baƙo ne. Hukumar da gwamnatin Indunusiya ta kafa don sake gina Aceh ta rufe aikinta a 2009, ƙungiyoyin waje suka tattara kayansu, aka bar mutum da tekunsa.

Hukuncin baƙo ya fi wuya, domin ya rataya a kan abin da ke cikin ƙirjinsa. Kalmar ibra a Larabci ta fito ne daga tushen da ke nufin ƙetare kogi, daga wannan gaɓa zuwa waccan. Mai ɗaukar ibra shi ne wanda ya ƙetare daga abin da idonsa ya gani zuwa abin da yake nufi. Mutum biyu suna iya tsayawa a gaban kwalekwalen Lampulo, ɗaya ya tuna mutum 59 da daren da suka ga rana, ya tuna dubban da ba su sami abin kamawa ba, ya yi musu addu'a. Ɗayan ya juya wa jirgin baya yana dariya a ɗauke shi hoto. Kuɗin mota ɗaya suka biya, amma ɗaya ne ya ƙetare. Waɗanda suka tsara gidan tarihin kamar sun san da wannan, domin mai shiga sai ya bi ta wani siririn lungu mai duhu, ruwa na kwarara a bangonsa hagu da dama, har ya kai wani ɗaki mai tsawo kamar rijiya, an rubuta sunayen matattu a jikinsa, can sama inda haske ke shigowa an rubuta sunan Allah. Ziyarar kabari ma an fara hana ta ne, daga baya aka yi izini saboda tana tuna lahira. Sharaɗin da ya halatta waccan shi ne ya halatta wannan.

Inda zalunci na gaskiya ya ɓuya kuwa, ba kasafai masu wa'azi suke duba wurin ba. Ruwan da ya ci mutane ya ci iyakokin gonaki da takardun filaye, har da na ofishin ƙasa na Banda Aceh. Gida guda ya mutu a sa'a guda, ba wanda ya san wa ya riga wa. Wannan ita ce mas'alar da littattafan gado suke kira gadon waɗanda ruwa ya ci tare, wadda ɗalibi kan wuce da sauri yana tsammanin ba za ta taɓa aukuwa ba. A wurin Maliku da Shafi'i, wanda mutanen Aceh suke bin mazhabarsa, ba sa gadon juna, dukiyar kowannensu tana zuwa ga magadansa masu rai. Sau da yawa mai ran nan yaro ne da aka tsinta a kan bishiya, kotunan shari'a na lardin suka yi ta aikin naɗa wa irinsu waliyyai. Filin maraya a bakin teku mai farin rairayi kuwa, kowa ya san idon da ke kansa.

A ƙasar Siri Lanka abin ya fito fili. A farkon 2005 gwamnati ta hana sake gina gidaje kusa da ruwa, mita 100 a kudu da yamma, mita 200 a gabas da arewa, da sunan tsaron rai. Masunta aka tura su can cikin tudu, nesa da kwalekwalensu, alhali an bar wa otal-otal ƙofar samun izini. Sai da aka yi ta ƙorafi, a wurare irin su Arugam Bay, kafin a sassauta dokar. In ruwa haɗari ne ga bukkar masunci, ta yaya ya zama aminci ga ɗakin baƙo? Malaman fiƙihu sun yi dogon bayani a kan cinikin wanda aka matsa wa, kuma mutumin da ke zaune a tanti, bai gama neman gawar 'ya'yansa ba, in ya sa hannu ya sayar da filinsa da arha, da wuya a kira wannan yarda. Mai gasa kifi bai ci naman matattu ba. Wanda ya saye gaɓa daga hannun masu makoki shi ya kamata a tambaya.

Akwai kuma haƙƙin baƙo a wuyan mai masauki. Wanda ya kira mutane bakin ruwan da ya san halinsa, wajibi ne ya nuna musu hanyar gudu. A tsibirin Simeulue, wanda yake kusa ƙwarai da inda girgizar ta tashi, mutum 7 kaɗai ruwa ya ci cikin kusan 78,000, saboda tun ambaliyar 1907 iyaye suke gaya wa 'ya'yansu labarin smong: in ƙasa ta girgiza, ruwa ya ja da baya, a bar kifi a hau dutse. Ba su da na'ura ko ɗaya. Tun 2006 an kafa tsarin gargaɗi a tekun Indiya, an gina dogayen benaye na fakewa a Banda Aceh. Amma da wata babbar girgiza ta zo ranar 11 ga Afrilu 2012, akasarin mutane motoci da babura suka hau, hanyoyi suka cushe, benayen nan ba su sami masu hawa da yawa ba. Allah Ya kiyaye babbar igiyar ruwa ba ta taso ba a ranar. Mai rumfar da ya ɓoye wa baƙo wannan don kada ciniki ya ragu ya yi algus, daidai da mai ɓoye jiƙaƙƙen hatsi a ƙasan buhu.

Masuntan Aceh suna da tsohuwar sarauta ta Panglima Laot, kamar a ce sarkin ruwa, mai tsara dokokin kamun kifi. Bayan ambaliyar suka ƙara rana ɗaya a cikin ranakun da ba a shiga teku. Duk ranar 26 ga Disamba kwalekwale yana ɗaure, ana taruwa a masallatai da kaburburan bai-ɗaya ana zikiri da addu'a, waɗanda ba su san kabarin nasu ba sukan zauna a kan ciyawar Siron ko ta Ulee Lheue su karanta Yasin. Washegari da asuba a kwance igiya a koma ruwa.