Haƙƙin Mamaci a Kan Masu Rai

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, idan wani namu ya rasu a ƙasar da ake ƙona gawa, ya kuma bar wasiyyar a ƙona tasa don rage wa iyali tsadar kabari, mene ne hukuncinmu?

Wasiyya amana ce, amma ba a zartar da wadda ta saɓa wa shari'a, domin jiki ajiyar Allah ne a wurin bawa. Wanka, likkafani, salla da binnewa farillan kifaya ne a kanmu. Suratul Ma'ida ta ba mu labarin hankakan da ya nuna wa ɗan Annabi Adamu yadda zai rufe ɗan'uwansa.

A shekarar 2020, gwamnatin Siri Lanka ta tilasta ƙona gawawwakin waɗanda korona ta kashe, har da Musulmi. Suka yi ta kokawa har aka soke dokar a Fabrairun 2021, gwamnati ta nemi gafara a 2024. Wanda aka tilasta wa ba shi da laifi. Mu da ke da zaɓi, ina uzurinmu?

In kuɗi ne matsala, jama'a su haɗa. Tuna mamaci kuwa shi ne addu'a, sadaka da biyan bashinsa.

Allah Ya sa mu cika da imani, amin.