Mudun Adalci Ɗaya Ne, A Gida Ko A Ƙetare

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana damuna: abin da mutum ba zai yarda a zubar a ƙofar gidansa ba, ya halatta ya kai shi ƙofar wani don kawai dokar garinsu ba ta hana ba?

A shekarar 1988 aka gano dubban gangunan guba na masana'antu da aka kwaso daga Italiya aka jibge a Koko, wani ƙaramin gari mai tashar jirgin ruwa a jihar Delta ta yanzu. Dala 100 a wata ake biyan mai filin. Dalili? A Turai zubar da irin wannan shara akwai tsada da dokoki masu tsauri, nan kuwa araha. Da asiri ya tonu Najeriya ta tsaya kai da fata sai da aka kwashe su, jirgin da ya ɗauka kuma ya yi ta yawo, tashoshin Turai na ƙin karɓarsa. Kun ji fa! Su ma sun san guba ce.

Wani zai ce ai ciniki ne, mai fili ya yarda. To, a fiƙihu mun karanta cewa ɓoye aibi ha'inci ne, kuma ba a cutar da wani don neman riba. Sannan wa ya nemi yardar maƙwabtansa, da yaran da ke shan ruwan wurin? Huhun ɗan Koko da na ɗan Milan iri ɗaya Allah ya halitta. Suratul Muɗaffifin ta yi kashedi ga mai auna wa kansa da cikakken mudu, ya auna wa wani da tauyayye. A fahimtata wannan ya haɗa da ƙasashe.

Bayan wannan abin kunya aka ƙulla yarjejeniyar Basel a 1989, ƙasashen Afirka kuma suka yi tasu a Bamako a 1991, wadda ta haramta shigo da shara mai guba nahiyar. Na yarda ƙasashe sun bambanta wajen ƙarfi da arziki, don haka nauyin gyara ba zai zo ɗaya ba. Wanda ya fi ɓatawa shi ya fi cancantar biya. Amma darajar rai ba ta canjawa a bakin iyaka.

Kafin mu zargi Bature kuma, mu duba kanmu. Ruwan majema da na masana'antun Kano da ke kwarara kogin Challawa da Jakara, gonar wa yake shiga? Ta talakan da ba shi da bakin magana. Wallahi in muka yi wa na ƙasa da mu abin da muke kuka an yi mana, hujjarmu ta faɗi.

Allah ya sa mu auna wa mutane da mudun da muke so a auna mana.