Ba da littafi, riƙe sirri

A bakin kogin Sen, a tsakiyar birnin Paris, akwai korayen akwatuna wajen 900 da aka kakkafa bisa katangar gaɓa, tsawon kimanin kilomita 3. Tsofaffin littattafai ake sayarwa cikinsu, kuma tun 1891 aka ba masu su izinin barin akwatunan su kwana a wurin, maimakon kwashe su kowace yamma. A 2023 hukumar ƴan sandan birnin ta ce sai an ciccire da yawa daga ciki saboda bikin buɗe wasannin Olamfik. Mutane suka yi caa, har shugaban ƙasar ya janye maganar a watan Fabrairun 2024. Duk wanda ya taɓa leƙa irin waɗannan akwatuna ya san abin da ba a rasawa cikinsu: ƙananan littattafai masu rawayan bango na jerin Le Masque, wanda Albert Pigasse ya kafa a 1927, da masu baƙin bango na Série Noire, wanda Marcel Duhamel ya buɗe a 1945. Labaran kisan kai ne da binciken wanda ya aikata. Ƴan'uwansu ne muke tararwa a Yamai da Maraɗi da Damagaram, a shimfiɗe bisa buhu a gefen hanya, tsakanin littafin lissafi da tsohon ƙamus, rana ta ci bangonsu, ƙura ta shige tsakanin shafuffukansu.

Akwai mutanen da ba su iya wuce irin wannan shimfiɗa ba tare da sun durƙusa ba. Suna saye, suna tarawa, suna neman lamba ta kaza da ta ɓace musu cikin jeri, har ɗaki ya cika. A kansu ne nake son mu tsaya, domin akwai tambayar da halinsu ke jawowa, wadda ta fi ƙarfin sha'awa kawai: littafin da mutum ya karanta ya gama, yana da haƙƙin ya kulle shi?

Tambayar ta fi kaifi a kan labarin bincike fiye da kowane irin rubutu. Littafin nahawu ana komawa gare shi kullum, haka ma diwanin waƙoƙi. Amma labarin bincike an gina shi ne bisa abu guda da aka ɓoye, wanda ba a bayyana shi sai a shafuffukan ƙarshe. Ranar da ka san wanda ya yi kisan, wani abu ya ƙare tsakaninka da littafin, kuma ba shi dawowa. A wurinka ya zama kamar kacici-kacicin da aka riga aka ba ka gari. A wurin maƙwabcinka kuwa sabo ne fil, ko da an buga shi shekara 70 da suka wuce. Wato darajarsa mafi girma ta bar hannunka ta koma ga wanda bai karanta ba tukuna. In haka ne, mai tara irin waɗannan littattafai yana riƙe ne da abin da ya fi amfani ga wani, kamar mai rijiyar da ya sha ya ƙoshi sannan ya sa mata murfi.

Sai dai adalci ne a saurari mai tarawa, don yana da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Da farko zai ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma duk malamin makaranta ya san yadda littafin aro ke tafiya: ya fita da bango ya dawo babu, ko ya dawo shafin ƙarshe a yage, wanda a labarin bincike daidai yake da a sare masa kai, ko kuma kada ya dawo sam. Na biyu, waɗannan littattafai a kan takarda mai arha aka buga su, don a karanta a jirgin ƙasa a yar. Ba a yi su don su daɗe ba. A ƙasa irin tamu, inda gara da ɓera da yoyon damina da ƙurar hunturu suke taruwa a kan takarda, littafin da ba wanda ya yi rowarsa ba ya kai shekara 20. Abin da muke gani yau na tsofaffin bugu, saboda wani ya ƙi ba da shi ne muke ganinsa. Na uku, zai musa cewa littafin ya ƙare da karatu guda. Littafin Agatha Christie kan kisan Roger Ackroyd, wanda ya fito a Ingila a 1926 kuma da shi aka buɗe jerin Le Masque, an daɗe ana cewa sai a karatu na biyu ake ganin gwanintarsa. Har wani malamin adabi na Faransa, Pierre Bayard, ya rubuta littafi sukutum a 1998 yana cewa mai binciken labarin ya yi kuskure wurin nuna mai laifi. Ba zan faɗi ko wane ne aka nuna ba, kuma dalilin ƙin faɗar shi ne zuciyar wannan magana.

Masu karanta labaran bincike suna da wata ƙa'ida da ba a rubuta ba, amma kowa na kiyaye ta: ba a gaya wa wanda bai karanta ba yadda labari ya ƙare. A Landan akwai wasan kwaikwayon Christie mai suna The Mousetrap, wato tarkon ɓera, wanda aka fara nunawa a 1952 kuma bai tsaya ba sai da annobar korona ta rufe gidajen wasa a 2020, ya sake tashi a 2021. A ƙarshen kowane nuni ana roƙon ƴan kallo su riƙe sirrin. Ga mu malamai wannan baƙon abu ne, domin an tarbiyyantar da mu a kan cewa ɓoye sani abin zargi ne, kuma aikinmu shi ne mu faɗi amsa. A nan kuwa alheri ya juya baya: kyauta ita ce ka miƙa littafin ka kama bakinka. Kana kallon abokinka yana zargin wanda ba shi da laifi, kana da ikon ka warware masa da kalma guda, amma ka yi shiru, domin ka san daɗin da ka ji haƙƙinsa ne shi ma ya ji. Wannan shirun shi ne abin da ke haɗa su zumunci. Mutum biyu da suka karanta Maigret ɗaya daga cikin 75 da Simenon ya rubuta, ko labarin kwamishina Habib na marubucin Mali Moussa Konaté, sukan rage murya in na uku ya shigo, su tambaye shi tukuna ina ya kai.

To a nan ne nake ganin ma'aunin da za a auna mai tarawa da shi. Mai karatu na gari yana ba da littafi ya riƙe sirri. Mai rowa kuwa akasin haka yake yi: yana riƙe littafin, amma bakinsa ba ya shiru, domin abin da yake so shi ne a san ya karanta, a san yana da shi. Zai ba ka labarin tun daga fari har ƙarshe a bakin shayi, ya nuna maka bangon ta bayan gilashin kabad, ka tashi ba ka da littafin kuma ba ka da sauran dalilin nemansa. Ya cuce ka sau biyu. Yawan abin da mutum ya tara ba ya cikin awon. Mai littafi 2000 na iya zama mai riƙon amana, mai 20 ya zama marowaci.

Kyanwa fa, wadda wasunmu ke kira mage ko mussa, me ya kawo ta cikin zancen? Ita ta kawo kanta, kamar yadda ta saba. Tun da aka fara ajiye takarda ake ajiye ta kusa, saboda ɓera. A ma'ajiyar tarihi ta birnin Dubrobnik akwai wani kundi na ƙarni na 15 da sawun kyanwa na tawada ya ratsa shafinsa. Daga baya ta shiga labaran su kansu. Ba'amurkiya Lilian Jackson Braun ta fara a 1966 wani jeri da ya kai littafi 29, inda kyanwowin wani ɗan jarida suke sa shi kan hanyar gano mai laifi, kuma irin wannan rubutu ya tara jama'arsa a Amurka, masu son kyanwa da son bincike a lokaci guda. Ni dai ban ɗauki waɗannan littattafai a sahun gaba na adabi ba, amma haɗin bai ba ni mamaki ba. Mai bincike da kyanwa sana'arsu ɗaya: zama shiru a bakin rami, da lura da abin da kowa ya raina.

Amma darasin da ya fi shafar mai tara littattafai wani ne daban. Akuya ana ɗaure ta, ana sayar da ita, ana gadonta. Kyanwa ba ta ɗauruwa. Tana zaune gidanka muddin zaman ya yi mata, tana tsallaka katanga ta ci na maƙwabta, ta dawo lokacin da ta ga dama, kuma wanda ya saba da ita ya koyi son abu ba tare da ya mallake shi ba. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya ba da labarin matar da aka yi wa azaba saboda ta kulle kyanwa har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Ba na cewa hukuncin littafi ɗaya ne da na mai rai. Littafi ba ya jin yunwa, kuma wuce gona da iri ne a daidaita su. Siffar laifin ce kawai nake dubawa: abu biyu aka hana a tare, kulawa da saki. Akwai ɗakunan da littattafai ke cikin wannan hali, a cikin kwali ƙarƙashin gado, mai su ba ya buɗe su, ba ya kakkaɓe su, ba ya barin kowa ya taɓa. A nan hujjar adanawa ta faɗi, domin gara ba ta neman izini.

Ƙungiyoyinmu na al'adu suna iya sauƙaƙa wa mai tarawa tsoronsa, kuma ba da kuɗi mai yawa ba. Abin da ke hana shi bayarwa shi ne rashin tabbacin dawowa. Kundin aro guda, da sunan mai karɓa da ranar mayarwa, da bangon leda da aka yi wa kowane littafi, sun isa su sa mutum ya fito da rabin abin da ke ɗakinsa ya riƙe bugun da ba shi da na biyu. Wanda ya karɓa kuma ya san a taro na gaba za a tambaye shi wa ya zarga a babi na biyar, wannan kaɗai yakan sa a karanta a kuma mayar.

In ba a yi haka ba, an san yadda abin ke ƙarewa. Ran da mai tarin ya kwanta dama, magada sukan raba gida da gona da dabbobi, su tsaya suna kallon kwalaye. Wasu littattafan mai ƙosai ko mai tsire ke samunsu, a yage su shafi shafi a ƙunsa wa masu saye. Waɗanda suka yi sa'a sukan koma bisa buhu a gefen hanya, inda aka ɗauko su da farko, da sunan mamacin a shafin fari. Kyanwar gidan kuwa takan koma wurin maƙwabta, waɗanda dama ta san su.