Harajin Caca da Baitulmalin Jihar da Ta Haramta Ta

A wasu jihohin Amurka jama'a ne ke yanke hukunci kan caca ta hanyar ƙuri'ar raba gardama, wato zaɓen da ake tambayar masu ƙuri'a ko sun amince da wata doka. Mutanen Kalifoniya sun ƙi cacar wasanni a 2022, na Mizuri kuwa suka karɓe ta a 2024 bisa sharaɗin a cire harajin kashi 10 cikin ɗari domin ilimi. A Najeriya, Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005 a Nuwamban 2024, ta mayar da ikon ga jihohi, ciki har da Sakkwato mai bin shari'ar Musulunci tun 2000.

Hujjar cewa kuɗin caca zai gina makarantu ba ta da ƙarfi a wajen malaman Wurno, Rabah da Goronyo na jihar Sakkwato, domin Suratul Baƙara ta riga ta ambaci amfanin caca, sannan ta hukunta cewa laifinta ya rinjayi amfanin. Matsalar da ta fi wuya ita ce ta cakuɗuwar dukiya, saboda harajin da kamfanonin caca ke biya yana shiga asusun tarayya, wanda daga cikinsa ake ba Sakkwato kasonta, har a gyara hanyar da manomin jihar ke bi da albasarsa. Malaman fiƙihu da dama sun sassauta idan halas ta fi yawa kuma ba a iya tantance haram ɗin, sai dai sassaucin bai shafi jihar da za ta ba da lasisin caca da hannunta ba.